Ja-in-ja Kan Kalma: Abin da Ɗalibin Hausa Zai Koya Daga Lauyoyin Masu Ƙirƙira

Gabatarwa

Cikin sana'o'in da ake cin abinci da harshe a yau, akwai wadda ba a cika ambatonta a azuzuwan Hausa ba, wato sana'ar lauyan da ke nema wa mai ƙirƙira takardar mallakar abin da ya ƙirƙiro. Wannan lauya ba kasafai yake shiga kotu ba. Hulɗarsa da wani jami'i ce da ke zaune a ofishin rajista, wanda za mu kira mai tantancewa. Sukan yi shekaru suna musayar wasiƙu, kuma abin da suke ja-in-ja a kai bai wuce kalmomi ba: wace kalma za ta tsaya, wacce za a cire, me wannan take nufi, ina iyakar waccan.

Ra'ayin da nake son kafawa shi ne, wannan fage namu ne mu masu nazarin harshe, kuma Hausawa na yin hasara saboda mun bar shi. Zan ɗauki Hausawan Abijan na ƙasar Kwaddebuwa, musamman na unguwar Bracodi da ke Adjamé da 'yan'uwansu na Treichville, a matsayin madubi. Mutane ne masu sana'ar hannu da fatauci, suna zaune a ƙasar da dokarta ke aiki da Faransanci, alhali iliminsu na sana'a da Hausa yake yawo, baki da baki.

Mece ce Takardar, Kuma Wa ke Bayar da Ita?

Takardar mallakar ƙirƙira wata yarjejeniya ce tsakanin mutum da hukuma. Shi zai bayyana wa duniya asirin abin da ya ƙirƙiro dalla-dalla, ita kuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayar da abin ba da izininsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Sharuɗɗa uku ne manya: abin ya zama sabo, ya ƙunshi wata hikima da ba za ta faɗo wa gwanin sana'ar cikin sauƙi ba, sannan ya zama ana iya amfani da shi a sana'a ko masana'anta.

Mazaunin Bracodi da ya ƙirƙiro wani abu, takardarsa daga Yawunde za ta fito, hedikwatar ƙungiyar OAPI. Ƙungiyar ta tsaya ne a kan Yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1999, aka kuma sake yi mata a Bamako a watan Disamba 2015. Ƙasashe 17 ne a cikinta, ciki har da Kwaddebuwa da Nijar da Kamaru da Senegal, kuma takarda guda tana aiki a cikinsu duka. Ofishin OIPI da ke Abijan shi ne ƙofar da ɗan ƙasa ke bi ya isa Yawunde. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya; tana da dokarta ta 1970. Ke nan takardar da ta kare mutum a Maraɗi da Damagaram ba ta kare shi a Kano ko Katsina ba, sai ya sake nema daban.

Shekaru da yawa OAPI ta fi mayar da hankali ne ga cikar takardu, kamar yadda magatakardan Nijeriya ke yi a ƙarƙashin dokar 1970. Kwaskwarimar Bamako ta tanadi binciken ƙwaƙwaf kan ko abin sabo ne da gaske, da kuma damar wani ya ƙalubalanci buƙatar. Saboda haka dabarun da lauyoyin Turai da Amurka suka daɗe suna gogewa a kansu sun zama abin da yankinmu ke buƙatar sani.

Dabara ta Farko: Riga Kowa, Sannan Kame Baki

Wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai haƙƙi. Amurka ce babbar ƙasar da ta daɗe tana duba wanda ya riga ƙirƙirowa, ita ma ta bi sahu a watan Maris 2013. Don haka abu na farko da lauya ke gaya wa mai ƙirƙira shi ne ya yi shiru har sai an buga wa takardarsa kwanan wata. A tsarin Turai, idan mutum ya nuna abinsa a kasuwa ko ya sa hotonsa a Facebook kafin ya shigar da buƙata, shi da kansa ya kashe sabuntarsa. Amurka kan ɗaga ƙafa na shekara guda, amma lauya mai hankali ba ya dogara da wannan. Da zarar an shigar, Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mutum wata 12 ya kai buƙatarsa wasu ƙasashe yana riƙe da kwanan watansa na farko, yarjejeniyar PCT ta 1970 kuma tana iya tsawaita lokacin zuwa wata 30.

Wannan ya ci karo da ɗabi'armu. Maƙerinmu idan ya yi abin kirki, majalisa ce za ta fara gani, a yaba, a sa albarka, wani ma ya ɗauka a waya ya watsa. Kafin ya ji labarin akwai wani ofishi, zance ya riga ya fita.

Dabara ta Biyu: Ciniki Irin na Adjamé

Zuciyar takardar ita ce sashen da'awa, wato jerin jumlolin da ke shata iyakar abin da mutum ke cewa nasa ne. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwannin Adjamé ya san mai kaya ba ya fara faɗin kuɗin da zai sallama. Yakan sa suna da tsada, a taya, ya ce albarka, a yi ta matsowa har a daidaita. Haka lauya ke yi: da'awa ta farko mai faɗi ce, waɗanda ke biye kuma kowace tana ƙara tsukewa.

Mu ƙaddara wani maƙeri a Bracodi ya lura cewa danshin Abijan ba ya barin kilishi ya bushe kamar yadda yake bushewa a ranar Tawa ko Madawa, sai ya ƙera akwatin busar da nama. Lauyansa zai iya jera da'awarsa kamar haka:

Ta ɗaya: akwatin busar da nama, wanda ya ƙunshi ɗaki rufaffe, da raga da ake shimfiɗa nama a kanta, da tushen zafi, da hanyar fitar danshi.

Ta biyu: akwati irin na da'awa ta ɗaya, inda hanyar fitar danshin bututu ce mai murfi da ke buɗewa da kansa idan zafi ya kai wani mizani.

Ta uku: akwati irin na da'awa ta biyu, inda ragar take juyawa.

Mai tantancewa zai shiga rumbunan bayanai, wataƙila ya zaƙulo tsohuwar takardar wata na'urar busar da kifi da ta ƙunshi duk abin da ke cikin da'awa ta ɗaya, ya rubuto cewa wannan ba sabo ba ne. Lauya bai yi mamaki ba. Zai ja da baya zuwa ta biyu, ya nuna cewa murfi mai buɗe kansa ba ya cikin tsohuwar na'urar. A lura kuma da cewa ya rubuta "tushen zafi" bai rubuta "gawayi" ba. Da gawayi ya rubuta, sai wani ya ƙera akwatin sak ya sa masa gas, ya wuce abinsa ba tare da ya taka doka ba.

Dabara ta Uku: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Doka ba ta yarda a ƙara sabon bayani bayan an shigar da takarda ba. A ofishin Turai da ke Munik ana tsananta wannan ƙa'ida ƙwarai. Idan lauya bai ambaci murfin nan a rubutunsa na farko ba, ba shi da ikon kawo shi ranar da aka matsa masa. Shi ya sa gwanaye ke cika bayanin farko da duk wata siga da abin zai iya ɗauka: ragar ƙarfe ko ta kaba, bututu ɗaya ko biyu, zafi daga kaza zuwa kaza. Kowace siga maɓoya ce da za a iya komawa cikinta gobe.

A cikin wannan bayani ne kuma lauya ke zama mai ƙamus. Dokar Amurka ta yarda mai ƙirƙira ya ba kalma ma'anar da yake so, muddin ya fayyace ta a rubuce. Idan ya ce "a wannan takarda, nama ya haɗa da na dabba da na kaza da kifi", to ma'anar ke nan. Wannan aikin ilimin ma'ana ne tsantsa.

Dabara ta Huɗu: Auna Kowace Kalma

A shekarar 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Chef America da kamfanin Lamb-Weston. Abin da mai ƙirƙira ya nufa shi ne a gasa kwaɓaɓɓen fulawa a tanda mai zafin digiri 400 zuwa 850 a ma'aunin Farenhait. Abin da aka rubuta a da'awa kuwa shi ne a zafafa kwaɓin har shi kansa ya kai wannan zafi. Bambancin a Ingilishi kalma ce guda mai harafi biyu. Kotu ta amince cewa kwaɓin da ya kai wannan zafi zai ƙone ƙurmus, kuma ba mai nufin haka, amma ta ce ba aikinta ba ne ta gyara wa mutum jumlarsa. Kamfanin ya faɗi shari'ar.

Ɗalibin da ya karanta giredin aikatau na Parsons ya san irin wannan tarko a Hausa. "Na'urar ta ɗebi danshi" daban take da "na'urar ta ɗebe danshi": ta farko wani kaso ta ɗauka, ta biyu ta kawar da shi. Dubi kuma jerin nan: shanya, busar, ƙyafe, banda, gasa, babbaka. Kowace tana da nata yanayi na rana ko iska ko hayaƙi ko harshen wuta. Wanda ya rubuta "akwatin shanya nama" ya ɗaure kansa da ma'anar baza abu a rana ko iska. Wanda ya rubuta "busar" ya bar wa kansa fili. Haka nan "ya ƙunshi kaza da kaza" ya bar ƙofa a buɗe ga ƙarin wasu abubuwa, "kaza da kaza kaɗai ya ƙunsa" kuwa ya rufe ta. Lauyoyin Ingilishi da Faransanci suna da kalmomi biyu daban na wannan bambanci, kuma an sha tafka shari'a a kansu.

Masu cewa Hausa ba ta da ƙwarin ɗaukar bayanin fasaha, su dubi waɗannan misalai. Kalmomin suna nan a bakin mahauta da maƙera da majema da marina. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zama su tattara su, su fayyace iyakar kowace.

Dabara ta Biyar: Magana Zarar Bunu

Suka mafi wuyar amsawa ita ce mai tantancewa ya ce: na yarda abin sabo ne, amma duk gwani zai iya haɗa tsohuwar na'ura kaza da tsohon murfi kaza ya samu naka. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara wa masu tantancewa ƙarfi a kan haka a shari'ar KSR da Teleflex ta 2007. A nan lauya kan nuna cewa haɗin ya ba da sakamakon da ba a zata ba, ko cewa tsofaffin rubuce-rubucen sun karkatar da mai karatu ne zuwa wata hanya daban, ko cewa an daɗe ana fama da matsalar ba wanda ya warware. A Turai akwai tsari sananne: a gano tsohon abu mafi kusa, a faɗi matsalar da ya bari, a tambaya ko gwani zai kai ga wannan mafita.

Sau da yawa lauya kan nemi ganawa da mai tantancewa, ido da ido ko ta waya, domin rabin awa na magana kan warware abin da wasiƙu uku ba su warware ba. Idan kuma aka ce masa ƙirƙira biyu ya cusa a takarda guda, sai ya raba buƙatar gida biyu, kowace ta riƙe kwanan watan farko.

Duk da haka gwani ba ya yawan magana, saboda komai ana taskace shi a fayil. A shari'ar Festo ta 2002, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa wanda ya tsuke da'awarsa don ya samu takarda, ana ɗauka ya sallama filin da ya bari, kuma da wuya ya dawo gobe ya ce nasa ne. Idan lauyan maƙerinmu ya rubuta cewa "akwatinmu ba ya amfani da fanka ko kaɗan" don ya kuɓuta daga wata tsohuwar na'ura, to ya buɗe hanya ga duk wanda zai kwaikwayi akwatin ya ƙara masa fanka.

Ɗaya Gefen: Abin da Mai Tantancewa Bai Gani Ba

Duk wannan ciniki yana tafiya ne a kan abin da mai tantancewa ya iya samowa. A dokar Turai ilimin baka da amfani na fili suna cikin abin da ke kashe sabunta, amma sai an kawo hujja, shi kuwa jami'in rubutu yake bincikawa.

Indiya ta ɗanɗana wannan. A 1995 ofishin Amurka ya ba da takarda kan amfani da gangamau wajen warkar da rauni, abin da kowace tsohuwa a Indiya ta sani. Sai da majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta kawo rubutattun hujjoji aka soke ta a 1997. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takarda kan maganin cutar shuka daga man darbejiya, wato dogonyaro. An soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005, bayan shekara goma ana fafatawa. Daga 2001 Indiya ta kafa rumbun TKDL, inda aka juya tsofaffin littattafan magani na Sanskirit da Larabci da Farisanci da Urdu da Tamil zuwa harsuna biyar da masu tantancewa ke karantawa.

Mu ma abin ya taɓa mu. Albasar Galmi, wadda manyan motoci ke saukewa a kasuwannin Abijan daga jihar Tawa, wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irinta a 2006, da sunanta na Violet de Galmi. Wannan haƙƙin irin shuka ne, reshe daban da na ƙirƙira, amma darasin ɗaya ne. Sai a 2009 zancen ya fasu, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya koma ga sunan Violet de Damani. Shekara uku takarda tana ajiye a Yawunde, masu albasa ba su da labari.

A gefe guda, mutanen Kwaddebuwa sun yi wa acakensu gata: OAPI ta yi rajistar Attiéké des Lagunes a matsayin kayan da ke da alaƙa da yankinsa a 2023, UNESCO kuma ta sa fasahar yin sa cikin gadon ɗan'adam a Disamba 2024. Shi kuwa garba, acake da soyayyen kifin tuna da Hausawan Nijar suka yi suna da sayar da shi a titunan Abijan, wane ɗalibin Hausa ne ya zauna ya rubuta tarihinsa da kalmomin sana'arsa?

Abin da Za a Iya Cewa, da Amsata

Wani zai ce: idan muka rubuta iliminmu, ai mun miƙa wa kamfanoni ne a faranti. Wannan tsoro yana da tushe, kuma amsarsa ita ce a rarrabe abu uku. Ilimin da kowa ya sani, kamar amfanin sabara ko bagaruwa ko zogale, a rubuta shi a buga da kwanan wata, domin bugawar ce garkuwarsa. Asirin gida da wani dangi ke ci da shi, ba ɗalibi ne zai fallasa shi don neman maki ba. Sai da yardar masu shi, kuma ana iya taskace shi yadda Indiya ta yi, inda ofisoshin rajista ke duba rumbun bisa alkawarin ba za su yaɗa ba. Sabuwar ƙirƙirar mutum ɗaya kuwa, a yi shiru har a shigar da takarda. Yarjejeniyar da ƙasashen hukumar WIPO suka amince da ita a Jeniba a watan Mayu 2024 ta ɗora wa mai neman takarda nauyin faɗin inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya gina ƙirƙirarsa a kai. Amma mai tantancewa zai fi gane wanda ya ɓoye idan akwai rubutun da zai gwada da shi.

Wani kuma zai ce takardar tana da tsada, ga kuɗin lauya, ga kuɗin sabuntawa duk shekara. Gaskiya ne, kuma ba kowane maƙeri ne ya kamata ya neme ta ba. OAPI tana da ƙaramar takarda ta ƙananan gyare-gyaren kayan aiki, tana da rajistar tambarin kasuwanci, wani lokaci ma riƙe sirri ya fi riba. Sai dai mutum ba ya zaɓa tsakanin hanyoyin da bai taɓa jin labarinsu da harshen da yake fahimta ba. Misalin maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar NIPRD ta Abuja ta samo daga wani mai maganin gargajiya, ta kuma samu takardar Amurka a kansa a 1998, ya nuna cewa haɗin masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace yana iya tsallake mai tantancewa idan an iya rubuta shi.

Kammalawa

J. M. Dalziel ya buga ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery ya fitar da nasa babban ƙamus a 1934. Har yau da su muke tinƙaho, alhali sana'o'in Hausawa sun yaɗu zuwa Adjamé da Treichville da Kumasi da Kwatano, sun haifi sababbin kalmomi da sababbin dabaru. Ina kira ga ɗaliban da ke neman batun kundin digiri a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Abdou Moumouni ta Yamai, su karkato nan. A zaɓi sana'a guda a unguwa guda. A rubuta matakanta ɗaya bayan ɗaya da kalmomin masu ita, a fayyace ma'anar kowace kalma, a sa sunan kimiyya na kowane tsiro, a haɗa da taƙaitawa cikin Faransanci da Ingilishi don mai tantancewa ya iya cin karo da ita, a sa kwanan wata, a ajiye inda za a samu. Kafin a buga kuma, a tambayi mai sana'ar ko akwai abin da shi ne ya ƙirƙiro shi da kansa. Idan akwai, a cire wannan shafi, a nuna masa hanyar ofishin rajista.